Kafin Madara ta Iso

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar watan Agusta, shekarar da na gama aji huɗu na firamare, da la'asar sakaliya. Ruwa ya tsagaita, saura yayyafi. A bayan ganuwa, ta wajen Ƙofar Sauri, yayana Sada yana kwance rigingine a gindin wata ɗorawa, takalminsa ɗaya ya yi tsalle can gefe, igiyar tunkiyar Innarmu tana naɗe a hannunsa. Tunkiyar ma tana kwance, ƙafafu a miƙe. Wurin yana warin babbakar gashi. Manoman da suka gudo daga gonaki sun kewaye shi, sun bar fili mai faɗi tsakaninsu da shi, babu wanda ya yarda ya ƙara taku ɗaya. Ni kuwa ina ta fizge-fizge a hannun Baba Audu maƙeri, maƙwabcinmu, wanda ya damƙe mini damtse da hannun nan nasa mai kanta yana faɗa wa jama'a da ƙarfi: "Kada wanda ya taɓa shi! Wutar tana nan jikinshi. A nemo madara!" A lokacin babu wanda ya san ko Sada yana da rai ko ya cika, kuma babu wanda ya matsa ya duba.

Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, shi babba, ni auta. Gidanmu na ƙasa ne a wani lungu da ba ya da nisa da ƙofar gari, da zaure, da rijiya, da turken dabbobi a bayan madafi. Babanmu direba ne a wani ofishin gwamnati a GRA, rabin ransa a kan hanya yake, don haka gidan yana hannun Inna da Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo zama da mu bayan rasuwar mijinta. Aikina shara da wanke-wanke da kai niƙa. Aikin Sada jan ruwa da yankan ciyawa, da damina kuma noman ɗan gandun da muke da shi a bayan gari. Yana aji uku na sakandare, dogo, siriri, kai cike da tambaya, baki ba ya hutawa. Duk abin da aka koya musu da safe, kafin magariba sai ya juye mini shi a kunne, ko ina so ko ba na so. Gwaggo takan ce da shi: "Kai dai ko a kabari sai ka tambayi mala'iku daga wace unguwa suke." Shi kuma ya ce ai gara ya sani, don ya aiko mata da kwatance.

A wancan zamanin akwai sauran ganuwa mai tsawo a wajenmu, ja, duk ta zaizaye, ga wani makeken kududdufi a gabanta inda ake haƙar ƙasar gini. Nan ne filin wasanmu. Maza suna langa da kamun kwaɗi, mu mata muna 'yar carafke da ginin ɗakin amarya da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Akwai wani tudu a bakin kududdufin da ba ma hawa, domin in ka tsaya a kansa ka yi magana da ƙarfi sai a amsa maka daga jikin ganuwa. Gwaggo ta sha ja mini kunne: "In kika ji an kira sunanki a bayan gari, kada ki amsa, mutanen ɓoye ne." Wata rana Sada ya ja ni ina turjewa har kan tudun, ya sa hannu a baki ya ƙwala: "Hajara!" Sai ganuwa ta ce "jara". Saura kaɗan in saki fitsari a tsaye. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗauko ƙwallonsa ta tsumma ya ce in tuna yadda take dawo masa in ya buga ta a bangon zaure. Ya ce murya ma haka take, tafiya take yi a cikin iska, in ta ci karo da bango sai ta juyo, ita ce amsa-kuwwa. Ya sa muka matsa dab da ganuwar muka yi ihu, shiru, domin muryar ta dawo tun kafin mu rufe baki. Muka ja da baya can nesa, sai ga ta tana dawowa a makare. Ranar na zagi aljanin ganuwa son raina, shi ma ya rama mini duk abin da na faɗa, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Amma babban tsorona tsawa ce. Hadari yana haɗuwa zan shige ƙarƙashin gadon Inna, bayan tasoshi da kwalla, in toshe kunne in yi ta kuka. Gwaggo kuwa tana da nata shirin da ba ta sakewa. Za ta kife madubi, ta tura wuƙa da almakashi ƙarƙashin tabarma, ta hana a tsaya a bakin ƙofa, duk mai jan zane ya cire, sannan ta zauna da carbi tana tasbihi. A unguwarmu kowa ya san aradu ba ta ɓatan kai. Ana cewa ɓarawo take bi, ko wanda ya rantse da kwarankwatsa a kan ƙarya. Ana cewa gatari take jefowa, kuma Baba Audu yana da ɗaya a maƙerarsa, wani baƙin dutse sumul da ya ce kakansa ya tono a inda ta faɗa. Maƙera su ne masu wuta, don haka a sha'anin aradu maganarsu ce magana. Kuma kowa ya san ƙa'idar: wanda ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa madarar shanu ta kashe wutar, in ba haka ba mai taɓawar ya bi shi.

Sada ne ya raba ni da ƙarƙashin gado, kuma a gona ya yi. Na kai masa fura wata rana, sai ya nuna mini wani mutum can nesa yana faskare. Ya ce in zuba ido. Gatari ya sauka a kan icen, shiru. Sai da mutumin ya sake ɗaga shi sama sannan muka ji "kaf". Na ce wannan kuma wane irin tsatsuba ne? Ya ce ba tsatsuba, haske ne ya fi ƙara sauri, ido yana samun labari kafin kunne. Walƙiya da tsawa, in ji shi, tare ake haihuwarsu. Walƙiyar ce ke ƙona iskar da ta ratsa, iskar ta kumbura ta fashe kamar ƙwayar masara a cikin wuta, fashewar ita ce tsawa. Rugugin nan da ke ja kamar ana mirgina turmi a kan soro kuwa, walƙiyar ce doguwa, ƙarar wani sashenta tana tahowa daga nesa, wata kuma tana bugun ƙasa da tuddai tana dawowa irin na ganuwarmu. Ya koya mini in na ga walƙiya in fara ƙirga, in ƙirgan ya yi tsawo kafin a ji ƙara to tana nesa, in ya gajarta ta matso. Sannan ya faɗi maganar da har yau take kaina: "In dai kin ji ƙarar, ta riga ta wuce ki, kin tsira. Wadda za ta sami mutum ba ya jin ta."

Tun daga ranar nakan zauna a bakin ƙofar ɗaki ina ƙirga da ƙarfi, Gwaggo tana yi mini tsawar da ta fi ta sama. Sada yakan tsokane ta a kan madubi da jan zane, amma ya yarda da ita a kan ƙarfe da tsayuwa a fili, har ya ƙara mata da cewa gindin itace ya fi ko'ina haɗari. Batun madara kuwa ban taɓa jin ya ce komai a kai ba. Na daɗe ina tunanin wannan. Ina jin karatunsa bai kai nan ba, kuma da wani ne ya faɗi a ranar, ina jin shi ma a cikin masu kewaye zai tsaya.

Ranar da abin ya faru Baba ya yi tafiya. Gero ya fara fid da kai, Sada yana cirar ciyawa a cikin gyaɗa, ni na kai masa abinci na zauna jiran kwano. Ya zo da tunkiyar Inna ya ɗaure ta a gindin ɗorawa, tana da tsohon ciki, kuma Inna tana ji da ita domin gado ce daga mahaifiyarta. Hadari ya taso daga gabas, baƙi wuluk, iska ta fara kwantar da gero. Kowa ya saɓa fartanya ya nufi gari. Mun yi gudu har mun kai wata rumfar masu yin tubali kusa da ganuwa, ruwa ya kece, sai Sada ya dafe kai ya ce tunkiya. Na riƙe masa riga. Ya ɓamɓare hannuna yana murmushi ya ce: "Tsaya nan ki yi ta ƙirga mani, yanzu zan dawo." Na tsaya ina ƙirga kamar yadda ya ce. Walƙiyar farko na yi nisa kafin a ji ƙara. Ta biyu ban yi nisa sosai ba. Ina hango shi ya isa gindin itacen ya sunkuya yana kwance igiya. Ta uku ban ko buɗe baki ba. Haske da ƙara suka zo tare, duniya ta yi fari fat, na tsinci kaina a zaune cikin taɓo, kunnuwana suna wani irin kuka. Ina jin ganuwa tana maimaita ƙarar a bayana.

Ko da na iso wurin mutane sun riga ni, Baba Audu kuma, da ke da gona kusa da tamu, ya cafke ni kafin in faɗa kan yayana. Ni dai na ga kamar leɓensa ya motsa. Na faɗa, na sake faɗa, aka ce yarinya ce, ruɗewa ce. Da aka ce madara sai na tuna da wata Bafillatana mai fura da nono da ke fakewa a ƙofar gari in ana ruwa. Na fizge na ruga. Matar tana jin abin da ya faru ta cika mini ƙwarya, ba ta ko tambayi ɗiyar wa ce ni ba. Na dawo ina gudu ina tuntuɓe, rabi ya zube a rigata. Baba Audu ya karɓa ya shinshina, ya girgiza kai. "Wanga nono ne, ya yi tsami. Ba shi kashe ta. Sai madara, sabuwar tatsa." Wani ya ce akwai ruga can gaba da gonaki. Wani ya ce ai shanu ba su dawo daga kiwo ba. Wani saurayi dai ya hau keke ya tafi, Baba Audu ya kuma damƙe mini damtse, muka tsaya jira.

Wannan jiran shi ne abin da ban taɓa iya yafewa ba, kuma ban san wa zan riƙe da shi ba. Mutanen nan ba mugaye ba ne. Sun san Sada tun yana rarrafe. Wasu suna salati, wasu suna kuka a fili, wani tsoho ya yi ta tofa addu'a daga inda yake tsaye. Da yayyafi ya dinga zuba a fuskarsa, wani bawan Allah ya cire malfarsa ya saƙala a bakin doguwar sanda, ya miƙa a hankali ya rufe masa fuska, sannan ya yar da sandar ya ja baya. Iyakar tausayin da tsoro ya bari a yi masa ke nan. Baba Audu, wanda ya ƙera wa Sada 'yar fartanyarsa ta farko, yana tsaye hawaye yana bin gemunsa, amma bai sassauta riƙon da ya yi mini ba. A ganinsa raina yake ceto.

Yara ne suka kai labari gida. Inna ba ta fita da rana, ni ban taɓa ganin ta a bayan gari ba, sai ga ta ta ɓullo ta ƙofar gari ba takalmi, ba mayafi, kullun tuwo a hannunta. Mutane suka dare suna ɗaga mata hannu. Baba Audu ya sake ni ya tare gabanta: "Rabi, ki ji tsoron Allah! In kika taɓa shi bin shi za ki yi!" Inna ta dube shi ta ce: "To in bi shi mana." Ta ratsa ta gefensa, ta durƙusa a cikin taɓo, ta cire malfar ta jefar, ta ɗaga kan Sada ta ɗora a cinyarta. Wata mata ta yi ƙara. Kowa ya tsaya yana jiran ya ga ta ƙame.

Babu abin da ya same ta. Ta shafa fuskarsa, ta murza hannuwansa, ta kara kunne a ƙirjinsa, ta ɗago ta ce, ba da kowa take ba: "Da sauran ɗuminshi." Ta girgiza shi, ta hura masa iska a fuska kamar yadda ake yi wa jariri, ba ta san abin da za ta yi bayan wannan ba, kuma duk taron babu wanda ya sani. Sai ta ɗaga murya ta kira sunansa da iyakar ƙarfinta, ita da ko a cikin gida ba ta kiran sunan ɗan fari. Ganuwa ta amsa mata. Ta sake kira, ganuwa ta sake amsawa. Madara ta iso ana kiran magariba, a cikin wata kwalba. Aka tsiyaya masa daga kai zuwa ƙafa, aka zuba ragowar a hannun Inna, sannan maza suka matso suka ɗauke shi. A asibiti aka ce ya daɗe da cikawa.

Kwanakin zaman makoki sun zo da nasu ɗacin. Mata suna shigowa gaisuwa suna zama nesa da Inna. In ta miƙa ƙwaryar ruwa sai a ce a ajiye a ƙasa. Ana satar kallon hannunta, ana jiran a ga ya shanye. Na ji wata a bakin rijiya tana raɗa wa 'yar uwarta: "Ko mi yaron ga ya ɗauka? Aradu dai ba ta faɗawa banza." Gwaggo ma ta ji. Gwaggon nan mai kife madubi ta miƙe ta ɗauko takalman matar ta watsa su zaure, ta ce ta bi su. Daga nan ta ɗauko akushi ta zauna gaban Inna, ta kama hannun nan da ake gudu ta tsoma shi a cikin tuwon, suka ci tare a idon kowa. Baba Audu ya je ya yi tono a gindin ɗorawa neman gatarin aradu. Ban san ko ya samu ba. Ya ci gaba da gaisawa da Baba a zaure, amma har ya bar duniya, in ya hango Inna sai ya sauya hanya. Hannun Inna kuwa bai shanye ba. Da shi ta yi daka shekara da shekaru, da shi ta yi wa 'ya'yana wankan jego.

Na girma na shiga makarantar koyon aikin jinya. Wata rana malamarmu, wata dattijuwa 'yar Filato, ta shimfiɗa mutum-mutumin roba a kan tebur tana koya mana yadda ake danna ƙirji da hura numfashi ga wanda zuciyarsa ta tsaya. Tana cikin lissafa irin mutanen da ake yi wa haka sai ta ambaci wanda tsawa ta faɗa wa. Na ɗaga hannu na ce, wutar da ke jikinsa fa? Ta ce babu wata wuta, ta ratsa ta shige ƙasa tun kafin a ji ƙararta, jikin mutum ba ya ajiye ta. Ta ce sau da yawa bugun zuciya da numfashi ne ke tsayawa, kuma in aka hanzarta a kan lokaci akan samu wasu su dawo. Ban san sanda na fita daga ajin ba. Na zauna a bayan ɗakin karatu na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya. Ban ce da an danna ƙirjin Sada zai tashi ba. Na yi imani da ajali, kuma wataƙila tun faɗuwar farko ya tafi. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a gwada ba, ga hannuwa fiye da a ƙirga a wurin. Ban taɓa faɗa wa Inna wannan darasi ba. Ita da kanta, tana tsohuwa, ta ce mini wata rana ana ruwa: "Ni dai ban ji wuta a jikinshi ba, Hajara. Ɗumi na ji." Na ce haka ne, Inna.

Yanzu gandunmu ya zama gidajen bulo, an cike kududdufin an yi shaguna, ɗorawar an daɗe da sare ta. Yara suna duba waya su gaya maka ƙarfe nawa za a yi ruwa. Amma a daminar bara aka kawo mana asibiti wani magidanci daga ƙauye da tsawa ta faɗa wa, madara ta bushe a rigarsa, da na tambayi 'yan uwansa tsawon lokacin da suka jira sai duk suka sunkuyar da kai. Ban yi musu faɗa ba, na san irin tsayuwar da suka yi. Na dai tara su a baranda na nuna musu inda ake ɗora hannu a ƙirji. Da na tashi aiki ranar na bi ta Ƙofar Sauri, na nemi inda tudunmu yake, na tsaya a gefen wani shagon cajin waya na kira sunan Sada a hankali. Ganuwar da za ta maido mini da shi ta zama ƙasa, sai ƙarar babura. Har yau in na ga walƙiya bakina yakan fara ƙirga da kansa, in rugugi ya iso in ce na tsira, kamar yadda ya koya mini. Shi kam bai ji tasa ba.